Ƙofofi Goma Sha Ɗaya na Ofishin Ginena

Daular Fir'auna ba dala ce ta riƙe ta ba, ba kuma sojoji ba. Abin da ya riƙe ta shi ne mutumin da yake fitowa da igiya bayan ruwan Nilu ya janye, ya ce wa wannan ga iyakarka, ya ce wa wancan ga taka. Na karanta tarihi gwargwadon hali, ban ga al'ummar da ta rushe ba sai da ta fara raina mai igiya. Wannan sana'a ita na yi shekara talatin da ɗoriya a Alƙahira. Ina kuma faɗin haka da babbar murya ne saboda ku samarinmu na unguwar Ainu Shams, da kuke tare ni bayan sallar Juma'a kuna cewa, "Ustaz Hamisu, ai simsaranci ba aiki ba ne, waya ce kawai da zaƙin baki."

Ku abin da kuka sani na simsaranci, wato dillanci, shi ne ɗaki. Ku ɗauki hotonsa ta ɓangaren da bango bai jiƙe ba, ku tura wa sabon ɗalibin da ko jakarsa bai kwance ba, ku ce masa minti biyar ne zuwa tashar metro, alhali minti biyar ɗin na mai gudun tsere ne. Ban raina wannan ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma mai gidanku mutum ne. Yana da fuska, yana da surukai, ana iya tare shi a masallaci a ba shi haƙuri. Ni mai gidana gwamnati ce. Ba ta zuwa jana'iza, ba ta kuma jin nauyin kowa.

Kudu da unguwar Ma'adi, a bakin Nilu, akwai wani tsohon lambu wanda a da na wani basarake ne, daga baya ya koma hannun gwamnati. Mu Ginena muke ce masa, wato lambu a bakin Misirawa. Gabansa wurin shaƙatawa ne na jama'a: ciyawa, kujerun ƙarfe, masu gasa masara, da samari da 'yan mata masu riƙe da littafi a kife. Bayansa kuwa, inda shinge ya ƙare, ƙananan gonaki ne da gidajen laka na masu ban ruwan da. Waɗannan su ne gwamnati take ba talakawa haya, shekara-shekara, gida haɗe da gonarsa. Aikina shi ne in tsaya tsakanin manomi da ofishin da ke kula da wurin. In auna, in cike takarda, in bi ta ƙofa-ƙofa har ta fito da hatimi.

Na zo Masar daga Gumel da tallafin karatu, in karanci nahawu da balaga, da niyyar in koma gida a riƙa miƙe mini tsaye. Karatu ya ƙare, tallafi ya riga shi ƙarewa. Na koyar da 'ya'yan ma'aikata a Ma'adi na ɗan lokaci, shi ya sa har yau in na yi magana ake jin warin alli. Ku yi haƙuri da shi. Neman makwanci mai araha ne ya kai ni Ginena, a can na haɗu da Baba Tijjani, tsohon simsar na wurin. Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, suka yada zango a hanya, zango ya zama gida. Hausarsa irin ta da ce, mai kauri, in ya gaji sai ya yayyafa mata Larabci. Shi bai iya karatu ba, ni kuwa ban iya komai ba sai karatun, don haka muka dace.

Aikin farko da ya ba ni awo ne. Wani mutumin kudancin Masar mai suna Hilal yana son kirat shida ya shuka lalo da albasa. Kirat ashirin da huɗu ke yin faddan ɗaya, kirat shida kuwa fili ne da in ka jefa dutse daga wannan iyaka zai faɗa waccan. Baba ya miƙo mini igiyarsa mai ƙulli-ƙulli, ya koma inuwa ya zauna. Na auna sau biyu, na buga lissafi a takarda, na ce shida cif.

"Biyar da rabi," in ji Baba. Ko tashi bai yi ba.

"Baba, lissafi ba ya ƙarya."

"Shi ba ya yi. Kai ne ka auna har da hanyar ruwa. Hanyar ruwa ta kowa ce, ɗan Najeriya. In ka saka ta a gonar mutum ɗaya, kafin wata ya mutu an rotsa wa wani kai da fartanya, kuma kai za a zo nema."

Hilal ya dafa kafaɗata yana dariya. "Ya Ustaz, a jami'ar taku ba a karantar da ruwa ne?"

Ba a karantarwa. Na sake awon.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Igiya, na faɗa. Jakar fata mai aljihu uku, don kada takardar da aka buga wa hatimi ta kwana da wadda ba a buga wa ba. Takardar kabon, domin duk abin da ka miƙa a ofis ba ka da na biyunsa, to ka ɗauka ba ka taɓa miƙa shi ba. Ƙaramin akwatin tawadar dangwale, shuɗiya mai ratsin ja, wadda take kwana uku a babban yatsa ko da an wanke da sabulu. Sai takalma ƙafa biyu: na roba don laka, na fata don ofis. Baba ya ce manomi ba ya yarda da mai tsaftataccen takalmi, ma'aikaci kuma ba ya kallon fuskar mai laka a ƙafa, sai ka san inda za ka tsaya ka sauya. Akwai wani dutse a bakin shinge, a kansa na yi shekara talatin ina sauya takalmi. Da za a yi adalci, shi ne ofishina.

Ofishin gaske kuwa bene ne mai hawa biyu a ƙofar shiga Ginena. Ranar da Baba ya ga na isa, ya kama hannuna ya bi da ni ƙofa-ƙofa kamar mai nuna wa baƙo dangi. Ta farko ake karɓar takarda. Ta biyu ake sayen kan sarki a manna. Ta huɗu ba a ƙwanƙwasa ta, tari ake yi. Ta bakwai ta Ustaz Ramzi ce, mai riƙe da fayilolin masu haya, ba a shiga kafin ya sha shayi na biyu. Ta tara mai ita kurma ne a kunnen hagu, a tsaya masa ta dama. Haka har goma sha ɗaya. A can ƙarshen baranda ta sama na hango wata 'yar ƙaramar ƙofa koriya, da takalman mata a bakinta.

"Baba, waccan fa?"

"Ta mata ce. Can suke sallarsu su dafa shayinsu. Ba ruwanka." Sai ya ja ni gefe ya rage murya. "Wannan ita ce tambayarka ta ƙarshe a ginin nan. Simsar ba ya tambaya a ofis. Ranar da ma'aikaci ya ji ka yi tambaya, ya gane kai ma baƙo ne kamar wanda ka kawo, daga nan sai layi. Abin da ba ka sani ba, ka yi shiru har ya zo ya same ka."

Na riƙe wannan kamar karatun allo. Ya kuwa yi mini rana. An kai lokacin da in na shigo, sababbin ma'aikata ni suke tambaya inda ake ajiye abu.

Dokokin hayar uku ne, duk kuwa da takardar shafi huɗu ce. Ba a gini da siminti, domin abin da ya kafu yana wuyar tashi. Ba a dasa itace, domin mai itace yakan fara ganin kansa mai ƙasa. Na uku, suna ɗaya ne a takarda. In mai sunan ya rasu, magajinsa ya dangwala yatsa a sabuwar takarda cikin kwana casa'in, in ba haka ba gida da gona su koma hannun mai su. Wannan ta ukun, a zamanin Baba, doka ce mai taushi. Ustaz Ramzi da fensir yake rubuta kwanan wata, fensir kuwa yana da ɗan'uwa mai gogewa. In magaji ya makara, a sha shayi, a tambayi lafiyar yara, a ce ma'alish, wato ba komai, takarda ta fito da kwanan da ya dace.

Masu zuwa wurina iri-iri ne. Akwai irin su Hilal, da aka haifa da laka a farce, waɗanda ba sa tambayar girman ɗaki sai sun ɗanɗana ƙasar. Akwai ɗalibanmu na gida, da sukan haɗu su huɗu su ce ai noma gadonmu ne, su karɓi kirat biyu, su shuka kuɓewa, jarrabawa ta zo, kuɓewa ta yi shahada. Akwai Turawan Ma'adi masu son fili don su riƙa zuwa ranar hutu da hular kaba suna taɓa ƙasa; waɗannan nakan ce musu an cika. Sai Hausawan Sudan, waɗanda su ne ƙashin bayan sana'ata. Su sukan zo da iri a ƙulle a bakin zane, yakuwa da rama da barkono, iri da aka gada tun daga inda ba su taɓa gani ba.

A cikinsu akwai Malam Abakar da matarsa Hajja Asha. Kirat biyar suke riƙe da shi da gida mai ɗaki biyu, shekara ashirin da wani abu. Yakuwarsu ita ake ci a duk gidan Bahaushe daga Ainu Shams har Dokki. Shi mutum ne mai shiru. Ita ce mai magana, ita ce kuma mai sanin wane fangali ya sha ruwa wane bai sha ba, amma takarda sunansa ke kai, don haka aka saba.

A kansu na yi aikin da na fi alfahari da shi. Malam Abakar ya soka reshen zogale a bakin ƙofarsa, don Hajja ta ce ba za ta ƙara zama a ƙasar da babu zogale ba. Kun san halin zogale, kafin a ankara ya wuce rufin ɗaki. Masu duba gonaki suka zo, suka ɗaga kai, suka rubuta: ya dasa itace. Wannan kuwa laifi ne da ke soke haya. Na zauna na rubuta takarda shafi biyu da Larabcin da tun barina jami'a ban samu inda zan kashe shi ba. Na kafa hujja cewa itace shi ne abin da ake nufin inuwarsa ko 'ya'yansa ko katakonsa, wannan kuwa ganyensa ake ci, don haka ɗan'uwan lalo ne da Allah ya yi wa tsayi. Hajja Asha ta kwaɗa zogale da ƙuli a kwano, na kai ƙofa ta tara, na tsaya ta dama. Mai ƙofar ya ci, ya ƙara ci.

"Wannan miya ce," in ji shi, ya buga hatimi.

Hajja ta ce, "To yau dai karatun ɗan Najeriya ya haifi abin kirki." Daga ranar ta daina ce mini ɗan Najeriya, ta koma Ustaz.

Yanzu sai mummunar shekara, domin kowace sana'a tana da tata. Baba Tijjani ya riga ya rasu, igiya da jaka suna hannuna. A farkon shekarar na ga ana shigo da kwalaye ofis, ana jan waya a bango, aka ɗora wa Ustaz Ramzi kwamfuta a tebur inda tiren shayi yake zama. Na kuma ji ana raɗe-raɗin za a faɗaɗa wurin shaƙatawa zuwa baya, duk gonar da hayarta ta faɗi ba za a sake ba da ita ba. Na ga wannan, na ji wancan. Na gyaɗa kai irin na wanda aka yi shawara da shi tun farko. Ban tambayi kowa komai ba.

A cikin sanyin shekarar Malam Abakar ya faɗi a bakin hanyar ruwa da fartanya a hannu. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ba su da ɗa namiji, 'yarsu ɗaya tana aure a Ainu Shams. Magajiyar gida da gona Hajja Asha ce.

A ranar da aka binne shi na cike takardar, ban bar komai ba sai gurbin yatsa. Takardar magaji kuwa ba a dangwala ta a gida a hannun simsar, sai a gaban ma'aikacin ofis. Na buga lissafi, wanda kamar yadda na gaya wa Baba ba ya ƙarya. Ofis ya ba da kwana casa'in. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, kwana ɗari da talatin ke nan. Tsakaninsu kwana arba'in. Na ce a raina, kwana arba'in ai shayi biyu ne a wurin Ramzi.

Kada ku ce jahilci ne. Na sani sarai cewa mai takaba tana iya fita da rana don buƙatar da ba makawa. An taɓa yi mini wannan tambaya a jarrabawa, na amsa har da saɓanin malamai, na ci maki mai kyau. Amma a gidanmu a Gumel, lokacin da kakata ta yi takaba, ko kuɗin cefane ba a ambata a gabanta. Ba a kawo wa mai takaba maganar duniya. Wanda ya yi haka, ana cewa tun ƙasar kabari ba ta bushe ba ya fara rabon gado. Littafi yana kaina, Gumel tana ƙafata, ƙafa kuwa ita ke kai mutum ƙofa.

Sau uku na je da takardar a jaka: sadakar uku, ta bakwai, da ta arba'in. Ranar arba'in maza suna kan tabarma a gindin zogale, mata suna ciki. Da aka shafa fatiha na matsa bakin ƙofa, inda aka saki labule. Ta ƙasansa ina hango gefen farin mayafi, irin wanda matan Sudan suke sawa in suna takaba.

"Salamu alaikum, Hajja. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Ustaz. An gode da ɗawainiya."

"Allah ya jiƙan Malam, ya kyauta namu zuwan."

"Amin." Sai ta ce, "Na ji ƙarar jakarka. Akwai takarda ne?"

Hannuna yana kan maɗaurin jakar. Na waiga, na ga dattawa uku suna kallona da carbi a hannu.

"Babu komai sai alheri, Hajja. Ki ji da abin da ke gabanki. Na ofis a bar mini."

"Tamam. Kai ka san ƙofofinsu."

Na fito na bi ta gefen gonar zuwa dutsen sauya takalmi. Da na dubi gonar da idon da Baba ya ba ni, da na lura kowane fangali a jiƙe yake, an cire ciyawa, yakuwa ta yi shar. Da na tambayi kaina wa ke ban ruwa. Amma tambaya ba ta cikin kayan aikina.

Bayan ta fita takaba da kwana ɗaya na je na ɗauko ta. Ta sa mayafi mai launin ƙasa, muka tako a ƙafa har ofis. Na zaunar da ita a benci a baranda, na jira Ramzi ya gama shayi na biyu, na shiga. Muka gaisa, na tambayi yara, na ajiye takardar, na ɗora fensir a kanta kamar yadda aka saba. Ya dubi fensirin, ya dube ni. Sai ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Sunan Malam Abakar yana nan, da jan layi a kansa.

"Ma'alish, ya Ustaz. Khalas, an gama. Ranar casa'in da ɗaya ta rufe da kanta."

"Ya Ustaz Ramzi, ni da kai..."

"Ni da kai muna nan yadda muke." Ya ɗan bubbuga kan na'urar. "Wannan ce ba ta shan shayi. Ina kuka shiga tun tuni?"

"Uzuri ne," na ce.

Na fito na tsaya a gaban benci. Na yi mata bayani a tsare, da gabatarwa da komai, kamar mai darasi. Ta saurare ni har na kai aya.

"Kwana nawa ka ce suka bayar?"

"Casa'in."

"Ranar arba'in da ka zo, saura nawa?"

"Hamsin."

"Takardar tana jakar?"

"Tana ciki."

"Na kuma tambaye ka."

"Hajja, kina takaba. Ban ga ya dace in fito da ke ba..."

"Ka fito da ni daga ina?" Ba ta ɗaga murya ba. "Ustaz, wa kake tsammani yake ba yakuwar nan ruwa wata huɗu? Aljanu? Kullum in na idar da sallar asuba ina cikin gona har rana ta ɗaga. Yakuwa ta san takaba ne? Daga ƙofata zuwa nan ai bai kai zagaye gonar sau uku ba." Ta gyara mayafi. "Da ka gaya mini na ce ba zan fita ba, da yau kaina zan zarga, in samu sauƙi. Kai ka yi mini takabar, ka yi mini shawarar, sai asarar ka bar mini in yi da kaina."

Balaga fanni uku ce, duk na karanta. Ko ɗaya bai yi mini rana a gaban bencin nan ba.

Ta miƙe, ta ce, "Yalla, mu tafi. Na bar ruwa a buɗe."

Na rubuta ƙorafi shafi uku, ya fi na zogale kyau nesa ba kusa ba. Amsa ta zo bayan wata biyu, layi ɗaya. Aka bar ta har ta cire yakuwar da ke ƙasa, wannan ma Hilal ne ya tara maƙwabta suka je suka roƙa. Ranar tashi ni na kawo motar kaya. Ba ta hana ni ɗaukar buhu ba, ba ta kuma ce in ɗauka ba. Yanzu tana gidan surukinta a Ainu Shams, hawa na biyar, wasunku ma kun san ta, tsohuwar da ke shuka yakuwa a gwangwanayen fenti a kan rufi. In mun haɗu a suna ko ta'aziyya tana gaishe ni da kyau. Har yau Ustaz take ce mini.

Gidan an rushe shi cikin wuni ɗaya, laka ba ta gardama. An baje gonar an shimfiɗa ciyawa, an kafa kujerun ƙarfe biyu. Zogalen kaɗai suka bari. Sun shafa wa gindinsa farin fenti, sun buga masa lamba irin ta sauran itatuwan lambun. Ni da na kafa hujja shafi biyu cewa miya ne.

Tun daga wannan shekara gonakin suke raguwa, duk wadda ta faɗi ciyawa ta cinye ta. Waɗanda suka rage ba su kai a riƙe simsar dominsu ba, igiyar Baba tana rataye a ƙusa. To ga abin da zan bar muku, ku masu waya da zaƙin baki. Wannan sana'a ba ɗaki ba ce ba kuma gona ba, amanar wanda bai san hanya ba ce a hannun wanda ya ce ya sani. In lokaci yana ƙurewa, ku faɗa wa mai abu, ko a kan tabarmar makoki yake. A kira ku marasa ta ido. Rashin ta ido yana warkewa.

Na samu damar gwada wannan wa'azi sau ɗaya. Bayan shekara biyu Hilal ya rasu, shi da ya tambaye ni ko ana karantar da ruwa. A wannan karo ko sadakar bakwai ban jira ba. Kwana huɗu da binne shi na sa takalmin roba, na ɗauki jaka, na tsaya a ƙofar matarsa, Ummu Sayyid, na ce mata ta yi haƙuri, na san ba lokacinsa ba ne, amma dole gobe ta shirya mu je ofis.

"Ofis kuma? In yi me?"

"Ki dangwala hannu, ya Hajja. In kwana casa'in ya wuce..."

Ta miƙo hannu ta gefen labule. Babban yatsanta shuɗi ne, mai ratsin ja.

"Ai Madam Su'ad ta zo jiya."

"Wace ce Madam Su'ad?"

"Haba ya Ustaz, kai da ofis ɗin gidanku ne? Ta sama, mai koriyar ƙofa. Ita ke zuwa wa matan da ke takaba da masu jego har gida, da takardarta da tawadarta. Sai dai a je a gaya mata. Ita ta zo wa uwar mijina ma, tun ina amarya."

Na yi mata ta'aziyya, na koma kan dutse, na sauya takalmi. Na shiga ofis, na fara daga ƙasa, na bi baranda ina ƙirgawa da yatsa har ƙarshen ta sama.

Goma sha biyu ne.